Ɗan Mai Tura Gawa

A gida Likita ake ce masa tun yana rarrafe, don ubansa ya ci alwashin sai ya ga ɗansa cikin farar riga. Shi uban shekara ashirin yana aiki a ɗakin ajiye gawa na asibitin koyarwa: ya wanke, ya lulluɓe, ya tura. Yaron kuwa akwai ƙwaƙwalwa, har ya samu shiga makarantar likitanci ta wannan asibitin, cikin 'ya'yan masu hannu da shuni.

Shekarar farko lafiya lau, ba wanda ya san ɗan wane ne. A ta biyu aka fara shiga ɗakin koyon sassan jiki. Suna tsaye sai ga tsohon nasa ya turo gadon ƙarfe, gawa a kai. Kafin Likita ya yi tunani, gwiwarsa ta riga shi, ya durƙusa.

"Baba, ina kwana?"

Ɗaliban duk suka juyo suna kallonsu.

Ba wanda ya zage shi, ai su wayayyu ne. Kawai dai kujerar gefensa ta koma wurin ajiye jaka. Abokin ɗakinsa ya sayo kofinsa daban. Wata ta tambaye shi tana dariya, "Wai har gida yake zuwa muku da wannan warin?" Aka raba rukunin karatu, aka manta da sunansa.

Tun daga nan baƙin ciki ya danne masa ƙirji. Sai ya wuni a kwance yana kallon silin, ko yunwa ba ya ji. In ya buɗe littafi, layi ɗaya ya gagare shi. Malami ya ce lalaci ne. Uwarsa ta ce, "Kai da kake ci kake sha, damuwar me?" Ga jarrabawa ta matso, wadda duk wanda ya faɗi kora ce.

Uban kaɗai ya gane. Ya same shi a bayan ɗakin kwanan ɗalibai ya ce, "In mun haɗu a ciki, ka wuce abinka. Na yafe."

Washegari Likita ya daure ya je aji. Tsoho ya turo gado, Likita ya kau da kai, ransa na ƙuna. Ba tsuntsu ba tarko, don har aka tashi ba wanda ya matso kusa da shi. Uban ya riƙe musu ƙofa yana yi wa kowa sannu. Da ya zo kan ɗansa, ya sunkuyar da kai ya ce, "A sauka lafiya, yallaɓai."

Likita bai sake komawa aji ba.