Ranar da Na Gyara Ɗakin Ɗan Gwaggona

Duk tsawon rai ba zan manta da hutun da ɗan gwaggona ya yi a Jiratawa ba. Abin da na fara gani a jikinsa shi ne yatsunsa, duk tawadar alƙalamin bik, lokacin da ya sauka daga kabu-kabu a ƙofar gidanmu a Maraɗi. Shekaruna sha tara, kaina cike da littattafan soyayyar da muke aro hannu zuwa hannu. A cikinsu, saurayin da ya dawo daga Turai wa yake aura in ba 'yar kawunsa ba? Kafin ya gama gaida Baba na riga na zaɓi launin ankonmu.

Aikinsa ilimin fizik ne. Ya ce inda yake akwai wata na'ura a ƙarƙashin ƙasa, ana harba ƙwayoyin zarra su yi karo da mugun gudu, su kuma su yi lissafin abin da ya tarwatse. Ban fahimta ba, amma na gyaɗa kai.

Aka tura ni Jiratawa in taya Gwaggo hidimar baƙo. Wata safiya ya tafi Tsibiri ta'aziyya, na leƙa ɗakinsa. Takardu ne shimfiɗe a kan tabarma har bakin ƙofa, kowace an danne ta da dutse. Na ce yau zai san akwai mace a gidan nan. Na tattara su, manya ƙasa ƙanana sama, na share, na yi turaren wuta, na sa sabuwar atamfa na zauna jira.

Da ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa, ya daɗe bai shiga ba.

“'Yar kawu, wa ya taɓa takardun nan?”

“Ni ce, Yaya. Ɗakin kamar akurkin kaji.”

“Kajin sun san inda suka ajiye ƙwansu,” ya ce, ya zauna a ƙasa.

Ashe shimfiɗar nan ita ce tsarin lissafin da ya yi wata uku yana yi, kuma bai sa wa shafi ko ɗaya lamba ba. Abokan aikinsa suna jiran sakamakon ranar Juma'a; in bai aika ba, za a fitar da binciken babu sashensa. Gwaggo ta ce, “Ba takarda ba ce? Sake rubutawa mana.”

Ni kuwa akwai abu ɗaya da na iya. Littafi ba ya isowa hannuna sai ya zaga 'yan mata goma, zare ya tsinke, lambobin shafi sun yage. Ni ce mai harhaɗa su a unguwarmu. Na ce ya bar ni in gwada.

“Kin iya karanta wannan?”

“Ba sai na karanta ba.”

Na ware masu shuɗin bik da masu baƙi. Na bi inda tawada ta fara dusashewa. Na haɗa waɗanda zoben kofin shayi ya ratsa biyu, na duba alamar da ta rufe shafi in nemi wadda ta buɗe wani da ita. Shi yana dubawa, yana cewa i ko a'a. Daga azahar zuwa la'asar sakaliya muka jera duka, saura uku da ya sake daga kansa. Ya dube ni ya ce, “Kina da ido.” Na yi shekara biyu ina juya maganar nan, ina neman soyayya a cikinta. Babu. Ido yake nufi.

Abin da na koya shi ne, wani hargitsin tsarin mai shi ne, kuma tun daga ranar ban ƙara gyara kayan kowa ba sai na tambaya.

Ya auri wata abokiyar aikinsa, ni ma na yi aurena lafiya. Yanzu farfesa ne, an ce masu irin bincikensa suna kafa hujja da rubuce-rubucensa, kuma ɗalibansa sun dawo suna koyarwa a nan. Ɗaya daga cikinsu yake koyar da 'yata. Ta ce mini abu na farko da ya gaya musu a aji, wai daga malaminsa ya gada: kafin ka rubuta komai, sa wa shafi lamba.