Gujiyar Yaya Mamman da kiran da nake jira

Shekara biyar ke nan da rasuwar yayana Mamman, Allah Ya jiƙansa. Amma tsoron da ya sa ni wannan rubutu ya girmi rasuwarsa. Ina sabuwar zuwa daga Damagaram ya kai ni filin da suke wasa a bayan Paris. Na ga ƙarti suna tsalle, suna taka kafaɗar juna don su cafe wata balo mai siffar ƙwai, kai ba hula ba komai. Na ce a raina wata rana kan wani zai bugi ƙasa. Ban san mijin da zan aura yana cikinsu ba.

Wasan mutanen Ostareliya ne. Wani abokin aikin Yaya a rumbunan kaya na Aubervilliers ya koya masa, har ya zama shi ke zaɓen waɗanda za su shiga fili. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma ina da ido. Bayan la'asar zai ɗauko tire ya zuba gujiya, kowace ɗaya a madadin ɗan wasa. Wannan dogon shi zai yi tsalle a tsakiya, waɗannan masu gudu su bi gefe, waɗancan su tare baya. Wanda ya cire, sai ya ɓare ya jefa baki. Shi ya sa in aka bar mutum a benci, sauran kan tsokane shi, "Mamman ya cinye ka!"

Sai dai ba ya taɓa tiren nan sai ya kira gidaje. Ba 'yan wasan yake nema ba, matansu yake nema, ko uwa, ko abokin ɗaki. Bafaranshiya ce ko 'yar Mali ko tamu, tambayar ba ta sakewa: ya yi barci? Ya ci abinci? Kin ga wani abin da ba ki saba gani ba? Yakan ce namiji zai rantse lafiyarsa lau ko da ƙafarsa a hannu take, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wata shekara za su Lyon, ya cinye gwaninsu don matarsa ta ce yana ta amai tun da ya faɗi. Aka ci su. Mutumin ya daina gaishe shi. Yaya ya ce, "Ya yi ta fushi, ai da ƙafarsa yake wuce ni."

Da zai leƙo yau, na san zai ji daɗi. Ekip, wato ƙungiyarsu, ta yi girma, an yi sababbin riguna, har 'yan mata sun kafa tasu. Wanda ya gaje shi mutum ne mai ladabi, a salula yake duba bidiyon wasa ya zaɓi mutanensa, kuma suna ci. Ban ga laifinsa ba. Amma bai taɓa kiran gidan kowa ba, ina jin ba wanda ya gaya masa haka ake yi.

Mijina Habu shi ne dogon da ke tsalle a tsakiya. Lahadin da ta wuce ya faɗo da ka. Ya miƙe yana dariya, aka tafa masa. A gidanmu na Saint-Denis kuwa, da rana tsaka yake jan labule wai haske ya yi yawa. Ya yi azahar a gabana, ya juyo yana tambayata ko ya yi. In 'yarmu Nana ta yi kuka sai ya dafe kai, shi da ke goya ta a wuya yana rawa. Na ce mu je likita.

Ya ce, "Haba Zara, ke kullum cikin tsoro. Asabar a Bron, gefen Lyon, za mu yi wasa. In ban shiga ba wa zai yi tsallen, ke?"

Na yi dariya na bar maganar.

Sai yanzu na gane abin da Yaya ya yi mana, mu mata. Matar da ta je da ƙafarta ta ce a cire mijinta, ta kai ƙararsa ke nan, za a daɗe ana maganar a gida. Wadda aka kira aka tambaya kuwa, amsa kawai ta ba da. Kunyar nan ce ya ɗauke mana, ya bar fushin ya sauka a kansa. Faransancina bai kai na bayani ba, lambar wanda ya gaji Yaya ma ba ni da ita. Na san Habu zai ji labarin wannan rubutu, na san ransa zai ɓaci. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Yaya bai bar gida ba, bai bar kofin gasa ba. Tiren yana wurina, a kansa Nana ke cin abinci. Abin da ya rage nasa tambayar nan ce, ita ma tana neman bin sa kabari.

Don haka ina roƙo. In kana karanta wannan a Paris ko a Lyon, kuma ka san mai zaɓen 'yan wasan nan, don Allah ka ce masa kafin Asabar ya kira gidan Habu dogo. Kada ya nemi Habu. Ya ce a ba shi Zara, ya tambaye ni ko ya yi barci.