Akuyoyin Bawa In-ji-wa

Duk wanda ya zauna Bagudo a shekarun samun mulkin kai ya san ba a ba Bawa labari a wuce salin alin. Ka ce masa bana damina za ta yi kyau, sai ya zame tabarau ya dube ka ya ce, "In ji wa?" Ka ce Liman ya dawo daga Zagga, ya ce, "Kai ka gan shi, ko gaya maka aka yi?" Ranar da matarsa Ige ta haihu, ungozoma ta leƙo ta ce namiji ne, ya ce in ji wa, ta jefo masa muciya. Sunan ke nan da ya bi shi har kabari.

Ni taubashinsa ne, uwata da ubansa ciki ɗaya, saboda haka abin da wasu ke jin nauyin faɗa masa ni a gaban idonsa nake faɗa. Ya yi boko, ya yi aikin jarida a Zariya, aka koro shi. Wai an aike shi ya rubuto yadda jama'a suka tarbi wani babban mutum, shi kuwa ya je ya yi hira da tsohuwar da aka kwashe wa kaji don liyafar. Ya dawo gida da keke da wani baƙin allo irin na makaranta. Ranar kasuwa sai ya jingina allon a gindin tsamiya, ya rubuta labarai da alli, ya karanta wa waɗanda ba su iya ba.

Na ce, "Kai, Bawa, wannan ce jaridar?"

Ya ce, "Ita ce ta gaskiya. Ba ta da ubangida, in kuma na yi ƙarya ruwan sama ya wanke."

Dahome, wadda yanzu ake ce wa Binin, ta riga mu samun 'yanci da 'yan makonni. Lokacin ina kai busasshen kifi can, sai Bawa ya ce zai bi ni, yana so ya ga 'yancin da idonsa kafin ya iso mana. Muka ƙetara. Ina ta ciniki, shi yana zagaya kasuwa yana leƙen fuskokin mutane kamar wanda ya yar da allura. Daga nan ya tsuguna gaban wani dattijon Bafillace mai sayar da bijimi.

"Baffa, an ce kun samu 'yanci."

"Mi ne ne shi?"

"Turawa sun tafi, ƙasa ta koma hannunku."

Dattijo ya ce, "To, ni dai ban ji ba. Amma masu jangali sun zo, ba su makara ba."

Bawa ya dawo yana murna kamar an yi masa kyautar doki. A hanya na ce masa shi dai ba ya son abin alheri. Ya ce, "Taubashi, ka ga sunana Bawa. In an gama raba 'yancin ka zo ka duba ko an sake mini suna."

Da namu 'yancin ya zo, 'yan siyasa na kowane ɓangare suka yi ta zarya gidansa, kowa na son bakinsa. Ya ƙi duka. Maimakon haka ya sayo awaki biyu daga kasuwar Bahindi, ya sa wa ɗaya Gwamnati, ɗaya Adawa. Ya ce ya lura da rana karo suke yi, da yamma kuma a ƙwarya ɗaya suke cin dusa.

Gwamnati ta yi ƙiba, ta zama ɓarauniyar gaske. Wata ranar kasuwa ta tsinke igiya, sai ga Bawa a guje tsakiyar rumfuna yana ihu, "Jama'a ku taimaka, Gwamnati ta shiga gonar mutane tana ɓarna!"

Kasuwa ta yi tsit. Ku da kuka ga zamanin kun san an ɗaure mutane a kan maganar da ba ta kai wannan ba. Wani ɗan doka mai suna Labbo, dogo marar dariya, ya damƙe shi nan take. Bawa ya kwana a tsare, Ige ta zo gidana tana kuka. Da aka bar ni na gan shi, abin da ya ce kawai shi ne in kawo akuyar gaban alƙali.

Na jawo ta tana turjewa, da ganyen wake a bakinta. Alƙali ya ce, "Kai ne ka zagi gwamnati a bainar jama'a?"

"Allah gafarta Malam, ga ta nan, a tambaye ta. Ga mai gonar ma."

Mai gona ya rantse cewa duk unguwa da sunan nan aka san ta. Alƙali ya ce, "An ce biyu ne. Ina ɗayar?"

"Adawa? An yanka ta da Salla. Ai ita ake fara yankawa."

Alƙali ya ja rawani ya rufe baki, kafaɗunsa na rawa. Ya yanke hukunci Bawa ya biya ɓarnar wake, kuma ya sake wa akuya suna kafin faɗuwar rana. Ya bi umarni. Bayan kwana kaɗan muka ji shi a bakin masallaci yana cewa, "Wayyo, Wadda-kuka-sani ta sake shiga gonar mutane." Da wannan sunan ta tsufa, kuma ba dokar da ta iya kama shi.

Abin da har yau nake juyawa a raina shi ne wannan. Bawa kullum cewa yake mutum ba ya alheri sai da dalili, duniya kasuwa ce, mai wayo ya ci marar wayo. Amma bayan shekaru Labbo ya bar aiki, ya makance, waɗanda ya yi wa hidima suka manta da ƙofar gidansa. Mutum ɗaya ne ke zuwa kullum bayan la'asar, da ƙwaryar fura a rataye a keke, ya zauna ya ba shi labarin duniya, su yi ta musu har magariba.

Na ce wa Bawa, "To kai mene ne naka dalilin? Mutumin da ya sa maka ankwa?"

Ya ce, "Duk tsawon aikina na jarida, shi kaɗai ya taɓa ɗaukar maganata da muhimmanci."

Ya faɗa yana dariya, amma ya kau da kai, ya shiga gyaran sarƙar keken da ba abin da ya same ta.

Bawa ya rasu bayan gajeriyar jinya, ana cikin yankan gero. Wajen jana'iza aka riƙo hannun Labbo, ya roƙi a sa shi sahun gaba. Da aka idar ya laluba ya dafa makarar, ya daɗe bai ɗauke hannu ba.

Allah ka jiƙan Bawa, ka yafe masa tsinin bakinsa, ka dubi abin da hannunsa ya yi a ɓoye. Ka haskaka kabarinsa, ka sada mu da shi a inda babu mai kama wani. Amin.