Ganyen da Kaka ke ɗaure wa jan zare

Jiya jikata ta jawo gwangwanin nan na ƙarƙashin gadona ta buɗe. Warin busasshen ganye ya tashi, sai ga ni a gindin duwatsun yammacin Sudan, ina bin kakata a baya.

Ni dai ban yi karatu ba, kuma ba na jin kunyar faɗa. Karatuna ganye ne. Ƙarshen damina, in ƙasa ta fara tsanewa, Kaka takan hau gangare da ni, ta tsinko na tari da na ciwon ciki, ta shimfiɗa kowanne a tsumma, ta danne da dutsen niƙa har ya bushe. Akwai guda da ba ta ɗauka sai da tsinke biyu. Kamarsa ɗaya da na tarin, amma in ya shafi fata, mako guda kana susa. Shi take ɗaure wa jan zare, ta sa masa suna Akul.

Na taɓa tambayarta don me ake ajiye mugu cikin na kirki.

Ta ce, "Wadda ba ta san fuskarsa ba, ita za ta dafa wa ɗanta shi."

Da ganyen Kaka a cikin gwangwanin muka sauka tashar jirgin ruwan Jidda. Ya bi ni unguwar Waziriyya, ya bi ni Mahjar, haya bayan haya. 'Ya'yana kuwa, ko atishawa suka yi sai saidaliyya, kantin magani.

To, ka ji, ashe zaren ya ruɓe ya zube. Ganye biyu kwance iri ɗaya, idona kuma ya yi yana.

Jikata, da ke kiran kaka Sitti irin na Larabawa, ta ce, "Ya Sitti, akwai yara a gidan nan. In ba ki gane shi ba, halas, shi ke nan, duka sai shara."

Ni da mata ke sallama a ƙofata su tambayi ganye, a ce ban gane ba? Na sansana, babu bambanci. Sai na naɗe hannun riga, na goga ɗaya a dama, ɗaya a hagu.

Jikata ta yi ihu, "Haram alaiki, Sitti!"

Yau na tashi hagun ya yi jawur, ƙuraje a jere. Na gaji, wallahi. Gwiwa ba ta hawa ko bene, waɗanda suka san duwatsun nan duk sun riga ni. Akul kaɗai bai manta ni ba.

Na ce a kawo jan zare. Jikata ta ɗauki tsinke biyu yadda na nuna mata, ta ɗaure shi. Ni kuwa ina gefe ina susa, ban bari an shafa min komai ba.