Gado da Baturan Surukinsa

Gado jikana ne, ɗan ɗiyata Kulu, kuma tun ranar sunansa nake kiransa mai gidana, kamar yadda kowace kaka ke yi wa jikanta. Miji ne marar amfani, ban taɓa ɓoye masa ba. Yana goye a bayan uwarsa lokacin da muke jidar duwatsu bisa tsaunukan Keita, zamanin aikin gyaran ƙasa. Jariran mutane na tsala kuka cikin rana, shi kuwa ko tari ba ya yi. Mata suna cewa, "Kulu, kin haihi mai kunya." Na ce Allah ya sa kunyar ta san inda za ta tsaya. Ba ta sani ba har yau.

A nan Tamaske ya girma. Ya ɗan taɓa lekol, wato boko, ya ɗan taɓa noman albasa, gemu na fito masa ya rataya jaka ya tafi biɗa, wato ci-rani, Abijan kamar kowane namijin Adar. Tsaransa suka kama sayar da shayi da gashin nama. Shi kuwa Allah ya kai shi wani fili da ake wasan golof. Da ya kwatanta mini wurin sai da na tofar da goron bakina. Wai ciyawa ce shimfiɗe iyakar ganinka, kore shar, ana ba ta ruwa safe da yamma, kuma an hana ko akuya ɗaya ta sa baki. Manyan mutane masu tumbi ne, galibi Turawa, ke bin wani ɗan ƙwallo kamar ƙwan zabuwa da sanda, suna neman jefa shi a ramin ɓera. Tafiyar ma ba sa iya yi da ƙafa, sai cikin wasu ƴan motoci marasa ƙara, masu aiki da batir. Ban-ruwan ciyawar aka fara ba Gado, daga baya mai kula da motocin ya jawo shi, ya koya masa jinyar batura.

Bara, bayan an cire amfanin gona, lokacin da maza ke ɗaure kaya, sai ga Gado ya sauko daga kar, babbar motar fasinja. Ba atamfa, ba sabulu, sai wani akwatin ƙarfe mai wayoyi biyu, ja da baƙi, yana rungume da shi kamar jariri.

"Mai gida, ina tsarabata?" na ce.

"Gogo, wanga shi na tsarabar kowa. Sharja ce. Na gama tahiya biɗa."

Matarsa Nasiba tana tsaye bakin ɗaki da tsohon ciki. Ƴaƴansu biyu na farko duk yana can aka haife su, ya dawo ya tarar suna gudu suna ɓuya don ba su san shi ba. Wannan karon ya rantse mata cewa da hannunsa zai kama ragon suna. Dabararsa kuwa ba ta banza ba ce. Yanzu kowane gida da fano mai jan wuta daga rana bisa rufi, kowane gida da mataccen batir da yara ke zama a kai. In ya iya tada su, ya samu sana'ar da za ta riƙe shi gida. In bai iya ba, hanyar Abijan tana nan.

A tsakar gidana ya fara gwaji, don ni ce ba ni da miji mai hanawa. Kai, wari! Kamar an fasa ruɓaɓɓen ƙwai cikin hancinka. Ruwan batir ya fantsama a zanena na zuwa biki da ke kan igiya, da na zo ɗaurawa na tarar da shi kamar rariya. Ina zagi yana yi mini karatu. Wai sharjar tana da wayo, tana auna batir ta ba shi daidai cikinsa. Amma in ya mutu sarai ba ta ma ganinsa, sai ka murɗa mata kunne da hannu, ka sauke ta can ƙasa, tana ɗiga masa wuta kaɗan-kaɗan, kamar yadda ake fara wa mai doguwar jinya da kunu kafin tuwo. Ya jiƙa kanwa yana goge farar dauɗar da ta kama kawunan batir, tana kumfa tana fita.

"Amma waje kaɗai, Gogo," in ji shi. "In ruwan kanwa yash shiga ciki, ya kashe asid ɗin, babu mai tada shi kuma. Ko ruwan rijiya ba a zubawa, sai ruwan batir na butali. Ko ɗigo."

"To ni mi ag gamina? Kai dai biya ni zanena."

Ya tada wani ƙaramin batir na maƙwabta, fitila ta kama. Mutane suka ce sa'a ce. Kowa ya riƙe nasa yana jiran ya ga babban aiki tukuna.

Babban aikin yana gidan surukinsa. Alhaji Iro, uban Nasiba, tsohon dillalin dabbobi ne da ya koma garkar albasa. Mutum ne da bai taɓa jin wata magana ta fi tasa daɗi ba. Yana da manyan batura huɗu da ya sayo na hannu a Konni, su ke tada famfon garka da sassafe kafin rana ta kai ga fano. Duka huɗun suka kwanta a tsakiyar rainon irin albasa. Da Gado ya gan su sai idonsa ya yi haske, don irin na motocin golof ne sak, waɗanda ya yi shekaru yana shafawa. Ya gaya wa Nasiba, Nasiba ta gaya wa uwarta, uwar ta gaya wa Alhaji, don Gado ba ya iya buɗe baki gaban surukinsa. Tun da aka ɗaura auren, in ya hango Alhaji a hanya sai ya cire takalmi ya durƙusa, ko cikin ƙaya ne.

Aka ɗoro batura a sharet, amalanken jaki, aka kawo zauren Alhaji, don can ne ke da kuran, wato lantarki, mai ƙarfin ɗaukarsu. Zancen ya zaga gari. Masu garka, masu firigo, masu cajin salula, kowa ya ce in waɗannan suka tashi zai kawo nasa. Ni ma na ɗauki tabarmata na bi, don tsohuwa babu zauren da ke hana ta shiga.

Ku zo ku ga aiki. Gado tsugune, ba takalmi, kai ƙasa, yana goge kawunan batura da ruwan kanwa. Alhaji bisa kujera yana kallon kumfa yana gyaɗa kai. Aka cika su da ruwan butali, aka maƙala wayoyi, Gado ya murɗa sharja ƙasa. Kwanaki suka shiga tafiya. Wutar sharja ja ce, amma ƴan lambobin fuskarta suna hawa a hankali, kuma Gado ya raɗa mini cewa uku sun fara numfashi, na huɗun ma bai fid da rai ba. Sai dai irin albasa ba ya jiran kowa. Ana ban-ruwa da guga, bai isa ba, ganye ya fara kwanciya. Alhaji ya fara hura hanci.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne, zaure cike da ƴan kallo. Alhaji ya fito daga cikin gida riƙe da buta.

"Wanga abu naku na yaran zamani ya cika nawa," ya ce wa jama'a, don shi ma ba ya duban Gado in yana magana. "Ni na yi shekaru ina tada dabbar da tak kwanta. Doki in ya rame, mi aka ba shi? Kanwa. Raƙumi hwa? Kanwa. Da idona nig ga yadda tac cinye dauɗar waje. To dauɗar ciki wa zai wanke ta?"

Wani mai neman gindin zama ya ce, "Wallahi Alhaji, hakanan ne."

Alhaji ya sunkuya ya fara kwance marufan batir ɗaya bayan ɗaya. Na dubi Gado. Zufa ta wanke masa fuska, hannunsa ya ɗan ɗaga ya koma kan gwiwa. Na jira. Butar ta karkata. Na ga dai mijin nan nawa ba zai yi magana ba.

"Kai Iro, dakata!" na ce. Na girme shi, na san shi tun yana yawo ba wando. "Gado, ba kai kac ce min in kanwa ta shiga ciki an gama ba? Buɗe baki ka hwaɗa mishi!"

Alhaji ya tsaya da buta a hannu, karon farko ya juya ya dubi surukinsa ido cikin ido.

"Hakanan ne, yaro?"

Kalma ɗaya ake nema. Ko kai ya gyaɗa ya isa. Gado ya ƙara dunƙulewa kamar kazar da ruwa ya daka, ya dubi ƙasa, ya ce da wata ƴar murya:

"Alhaji ya hi ni sani."

"To kin ji, Gogo," in ji Alhaji. "Ku tsohi sai kaɗa baki."

Ya tuttula. Batir na farko ya yi wata irin tafasa, kumfa ta taso fari fat tana malala bisa daɓe, wari ya turnuƙe zauren har masu kallo suka ja baya suna toshe hanci da hula.

"Kun gani?" Alhaji ya ɗaga murya. "Ya motsa! Rai ya zaka!"

"Allahu akbar," in ji mai neman gindin zama.

Haka ya bi su huɗun, yana zubawa suna amai, Gado na tsugune yana kallo. Har matsar masa da na ƙarshen ya yi don kada Alhaji ya wahala da miƙa hannu. Wannan matsarwar ita ce ta fi tsaya mini a rai. Na naɗe tabarmata na fita.

Da la'asar ya shigo gidana ya zauna bakin murhu.

"Mai gida, ashe bebe na aura?"

"Gogo, gaban mutane hwa. Uban matata ne. In ce mishi bai sani ba?"

"A'a, kada ka ce. Bari shi kashe ma sana'a, kai kuma ka riƙa mishi buta. Turawan da kab bi shekara da shekaru ba su koya ma cewa a'a ba?"

"Can daban ne."

"Ai na gani. Ita Nasiba da cikinta, ita ba ka jin kunyarta?"

Ya ɗauki tsinke yana zane a toka.

Ya koma ya sake maƙala sharja, ya murɗa ta sama, ya murɗa ta ƙasa. Lambobin da suka yi kwanaki suna hawa suka zube, ba su ƙara ɗagawa ba. Alhaji ya yi hayar injin mai shan esans, wato fetur, ya ceci abin da ya saura na irin albasa. A gari kuwa labari ya zama Gado ya ƙone baturan surukinsa da na'urar Turawa. Duk wanda ke zauren ya ga butar, amma wa zai ce Alhaji ne? Ni na faɗa, a bakin rijiya, a gidan suna, a kasuwa. Aka ce Gogo ce, ta saba. Shi kuwa Gado, duk wanda ya tambaye shi sai ya ce, "Allah bai nuhwa ba."

Abin da ya ƙarasa ni shi ne ranar Juma'a bayan an sauko. Alhaji ya tsaya ƙofar masallaci ya ce a gaban jama'a ya yafe wa yaron, kada kowa ya ƙara tada zancen, ai ɗa ne. Aka yi ta sa masa albarka saboda haƙurinsa. Gado ya cire takalmi ya durƙusa ya yi godiya.

Babu wanda ya ƙara kawo masa ko batirin tocila. Ya zauna ƴan makonni yana gyara igiyar guga, sannan wata safiya na gan shi da jakar nan tasa. Nasiba ba ta fito rakiya ba. Ya ajiye mini sharjar a ɗaki, cikin kwalinta.

"Ki aje min, Gogo. In na komo."

"In ka komo Alhaji na nan, butarshi na nan."

Ya yi ƴar dariya ya sa kai.

Nasiba ta haihu bayan tafiyarsa, mace, aka sa mata Farida. Alhaji Iro ne ya kama ragon, yana ta ba mahauci umarni yadda ake fiɗa. Baturan huɗu suna nan jere a ƙofar zaurensa, masu zuwa gaishe shi suna zama a kai. Sharjar kuma tana ƙarƙashin gadona, kazata ta mai da kwalin wurin ƙwai. Jiya na ɗauki jaririyar, ta buɗe baki ta tsala ihu har maƙwabta suka leƙo. Uwarta ta miƙo hannu za ta rarrashe ta. Na ce ta bar min ita ta yi.