Baƙin Shafin Dauda

Dauda abokina ne tun muna firamare a Unguwar Shanu. Shi ya ci gaba da karatu ya zama akawu, ni na zama direba, Allah kuma ya sake haɗa mu a ma'aikata ɗaya. Ya rasu ran Talatar makon jiya, yanzu zan iya faɗar abin da ya hana ni faɗa.

Saura shekara biyu ya yi ritaya ciwon suga ya taɓa masa ido. In ya kalli farin shafi a kwamfuta, sai rubutun ya narke masa kamar gishiri a ruwa. Tsoronsa ɗaya, kada Darakta ya ji, a tura shi gaban likitoci, a sallame shi kafin lokacinsa. Ya sa na yi masa alkawari ba zan gaya wa kowa ba.

Wani mai shagon kwamfuta a Kawo ne ya nuna masa dabara. In ka buɗe sabon shafi a burauza, wato manhajar shiga intanet, akwai wurin da ake dannawa a sauya masa launi da hoto. Mutane furanni suke sawa, ko Ka'aba, ko ƙungiyar ƙwallonsu. Dauda ya zaɓi baƙi wuluk, ya ƙara wa rubutu girma, ya jera 'yan akwatunan shiga guda biyar ya haddace su kamar yatsunsa: na farko wasiƙu, na biyu rajistar fayil, haka har na ƙarshe.

Talatu mai buga takardu ta leƙa ta ce, "Malam Dauda, wuta aka ɗauke a cikin kwamfutarka?"

"To kawo fitila mana," ya ce, ko ɗagowa bai yi ba.

Haka aka yi shekara guda ba wanda ya gane. Sai aka turo mana sabuwar jami'ar kwamfuta, Yasmin, da umarnin kowane shafi ya koma fari mai tambarin ma'aikata. Ran Juma'a muna masallaci ta bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya, ta kulle wurin sauyawar.

Ran Litinin na same shi zaune gaban farin nan, idonsa na zubar da ruwa. Ya ce mura ce. Da ofis ya rage mutane ya jawo hannun rigata.

"Haruna, karanta min lambar fayil ɗin nan. Yi kamar goro ka zo roƙo."

"Ai kullum shi nake zuwa roƙo."

"To yau ka yi da dalili."

Kwana huɗu ina roƙon goro. Amma direba ba ya wuni a ofis, kuma Darakta ya fara tambayar abin da ya sa wasiƙu ke makara.

Ran Alhamis aka ce in kai Yasmin sakatariya. Muna cikin cunkoson Kawo na karya alkawari, na gaya mata komai. Ta ce, "Baba Haruna, kalli hanya."

Mako na zagayowa sai ga takarda ta fito da sa hannun Darakta, wai don kare lafiyar idon ma'aikata, kowace kwamfuta za ta koma baƙin shafi da manyan haruffa. Akwatunan Dauda biyar suka dawo, kowanne a mazauninsa. Talatu ta yi mita har ta gaji. Shi kuwa ya kira ni gefe ya ce, "Ka ga yarinyar nan? Fasahata ta sace, ko godiya babu."

Na ce, "Yaran yanzu ke nan."

Ya cika shekarunsa talatin da biyar na aiki cif. Ranar sallama aka sha lemo, Darakta ya yaba masa da cewa akawu ne mai ido a kan aiki, aka ba shi agogon bango mai farar fuska. Dauda ya daɗe yana kallonsa, ya ce bai taɓa ganin mai kyansa ba. A mota ya miƙo min, ya ce in gaya masa ƙarfe nawa.

Wata bakwai ya yi a gidansa na Unguwar Dosa. Kusan kullum ina zuwa, kusan kullum ina niyyar gaya masa, sai mu ɓige da hirar ƙwallo.

Allah ya jiƙanka, Dauda, ya sa ka huta. Ni ne na faɗa mata. Ka yafe min.