Kugin Akwatin Baffa

Kafin ladan ya fara kiran salla, akwai ɗan lokacin da yake kunna na'ura yana gyara tsayuwa. Mutane ba sa lura da wannan lokacin. Ni kuwa a nan gabana yake faɗuwa, domin a cikinsa nake jin wani kugi siriri daga ƙasa-ƙasa, kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Ko yau da azahar na ji shi ina zaune a bakin shagona. Na haura shekara hamsin, ban taɓa gaya wa kowa abin da yake tuna mini ba. Karatuna bai yi zurfi ba, saboda haka zan faɗa maka yadda abin ya faru kawai.

A Kabo na tashi. Babana malami ne, yana koyarwa a Islamiyya da safe, da yamma yana karantar da manya a zaure. Ƙaninsa, wanda muke kira Baffa, a wata masaƙa yake aiki a Kano. Lokacin ostariti, da sabulu da madara suka zama abin bin layi, aka sallame su daga aiki. Ya dawo gida da akwatin ƙarfe ɗaya, da kunnuwan da ƙarar injin saƙa ta cinye rabin jinsu, da wata jar jita mai aiki da lantarki.

Irin wannan jitar ba ta da murya sai an jona ta da amfilifaya, wato akwatin da yake ƙara mata sauti. Baffa ba shi da wannan akwati. Sai ya zauna a gindin darbejiya bayan la'asar, ya ɗora haɓarsa a jikin jitar don sautin ya bi ta ƙashinsa, yana kaɗawa. Mu da muke gefe abin da muke ji bai wuce kukan sauro ba. Kakata takan leƙo daga madafa ta ce, "Wai ni garayar nan taka ta Turawa mura take yi ne?"

Babana bai hana shi ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ban da zaurena." Ya san ƙanin nasa ba shi da gona, hannunsa kuma bai saba da fartanya ba. Nufin Baffa shi ne ya riƙa yin kiɗa a gidajen biki ya ci abinci. Bayan girbi ya sayar da kekensa, ya ƙulle kuɗin a hanki, ya ce in shirya ranar kasuwar Gwarzo. Shekarata goma sha uku a lokacin.

A bayan motar a-kori-kura, tsakanin buhunan dawa, ya koya mini aikina. Da ƙarfi yake magana, kamar yadda masu nauyin kunne suke yi. Ya ce wani abokin aikinsa a Kano ya koya masa yadda ake zaɓen amfilifaya na hannu. Kada ka dubi fenti, kada ka dubi girma. Ka jona jita, ka murɗa sauti har ƙarshe, ka ɗauke hannunka daga tsirkiya, ka saurara. Mai lafiya shiru yake yi. Wanda yake kugi kuwa, wuta tana yawo a inda bai kamata ba, ka bar shi ko kyauta aka ba ka.

"Ni ba zan ji ba," in ji shi, ya kama kunnena ya ɗan ja. "Yau kai ne kunnena."

Shagon mai gyaran rediyo yana bayan 'yan tireda, ƙanƙani, cike da warin dalma da ƙonanniyar waya. Guda biyu ne kuɗin Baffa za su iya saya. Ɗaya ƙarami ne, ruwan toka, an ɗaure hannunsa da robar tayar keke, kuma da batirin mota yake aiki. Ɗayan baƙi ne, ya kai mini ƙugu, gabansa yana ƙyalli kamar zaren azurfa, da maɓallai jere da wata jar fitila a kusurwa. Mai gyara ya ce daga wani otal aka kawo shi, bai ko buɗe cikinsa ba, ya tsare masa wuri ne shi ya sa ya karya kuɗinsa. Ya jona mana waya, ya koma kan rediyon wani Bafulatani da yake jiransa a waje.

Muka fara da ƙaramin. Baffa ya murɗa har ƙarshe, ya ɗaga hannuwansa sama, ya dube ni. Na kara kunne. Shiru, sai hayaniyar kasuwa. Da ya kaɗa, sautin ya fito tas, amma ba mai cika unguwa ba.

Sai babban. Jar fitilar nan ta kama, kuma nan take na ji shi. Kugi ne sosai, har cikin haƙorana. Amma idona yana kan fitilar. Ina hango kaina a tsaye kusa da wannan akwati a tsakiyar taron biki, 'yan ajinmu suna leƙe daga bayan mutane. Wanda aka ɗaure da robar taya kuwa, na san dariyar da za su yi mini a kansa.

"Yaya?" Baffa ya tambaya.

Na ce, "Wannan shiru yake, Baffa. Ƙaramin ne yake ɗan kugi."

Bai sake tambaya ba. Ya shafa kaina ya kwance hankinsa.

Ba zan ɓoye maka ba, ranin nan ya yi daɗi. Duk ranar da aka kawo wuta, Baffa yakan fito da akwatin can bayan gida kusa da rumbu, ya kaɗa waƙoƙin da mata suke yi a bakin turmi. Jitar tana kuka kamar mutum. Kakata tana tsince shinkafa tana gyaɗa kai, ta daina zancen mura. Babana yakan rufe ƙofar zaure, amma sau ɗaya na kama shi yana buga yatsa a kan littafi. An fara gayyatar Baffa suna da biki, ya ɗinka sabuwar riga, ni ma na samu abin da nake so, domin ni nake tsayawa kusa da jar fitila.

Wani lokaci yakan yarfe yatsunsa ya ce, "Yana ɗan cizo." Sai ya yi dariya. Takalmin roba yake sawa, ƙasa kuma a bushe take, shi ya sa abin bai wuce cizo ba. Kowace rana idan ya kunna sai ya dube ni ya ɗaga gira, ni kuma in gyaɗa kai. Kugin yana nan, har ma ya ƙaru.

Da damina ta sauka aka gayyace shi biki a Gude. An yi ruwa da safe, ƙasa ta jiƙe sharkaf, ƙamshinta ya gauraye da hayaƙin injin wutar da suka yi haya. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Baffa ya rataya jita, ya fara kiɗa ke nan, sai dattawan gidan ango suka fito za su wuce. Baffa bai taɓa gaida babba da takalmi a ƙafarsa ba. Ya tuɓe su, ya tako jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya durƙusa, hannunsa na hagu yana riƙe da wuyan jita.

Bai yi ihu ba. Jikinsa ne ya sandare, bakinsa a buɗe, lasifika tana wani irin gurnani da ban taɓa ji ba. Mutane suka ɗauka salon kiɗa ne, har wata mata ta yi guɗa. Ni kaɗai na san abin da yake faruwa, amma na tsaya ina kallo. Mai injin ne ya gane, ya kashe.

Ya rayu. Amma tsirkiyoyin sun zana masa layuka a yatsu har kusa da ƙashi, kuma da ya dawo daga asibiti yatsu uku sun lanƙwashe, ba su sake miƙewa ba. Wata rana ina zuba masa ruwan alwala ya tambaye ni, a hankali, ba da ƙarfin da ya saba ba.

"Ranar nan a Gwarzo, ba ka ji komai ba ko?"

"Ban ji ba, Baffa."

"To, ƙaddara ce."

Ya koma sayar da goro a bakin tasha da hannu ɗaya. Akwatin da jitar suka shiga ɗakin ajiya, buhuna suka danne su.

Shekaru suka wuce, na yi aure, na buɗe shago. Da aka ƙaddamar da Shari'a, makaɗa da yawa suka ajiye sana'a, sai mutanen unguwa suka fara kafa misali da Baffa. Suna cewa Allah ya so shi da rahama, ya fizge shi daga kiɗa tun da wuri, ya bar masa alama a hannu. Ban isa in yi magana a kan hukuncin kiɗa ba, malamai sun fi ni sani. Abin da na sani shi ne ba kiɗa ne ya ƙona hannun Baffa ba. Amma shi ya yarda. Yakan zauna yana kallon yatsun nan yana istigfari har hawaye su zubo, yana cewa horo ne aka yi masa, kuma ya cancanta. Ina zaune kusa da shi ina jin wannan.

Wata Juma'a ya sa na fito da kayan. Ya ce akwatin ya ba masallacin unguwa sadaka. Jitar kuwa ya miƙo mini gatari. Ni na faskara ta da hannuna, yana tsaye yana kallo, matata ta dafa tuwo da ita.

Tsoro ya kama ni saboda ladan, wanda kullum da danshin alwala yake kama makirfo. Na ɗauki akwatin a ɓoye na kai Gwarzo. Mai gyaran yana nan, ya tsufa, bai gane ni ba. Yana kunnawa ya ja da baya.

"Kai! Wa yake amfani da wannan? Ai wannan kisa zai yi."

Ya buɗe bayansa, ya nuna mini wata waya da ta tsinke, wadda ita ce take sauke wuta zuwa ƙasa. Ya ɗiga mata dalma, ya canja wani ɗan abu kamar ƙwayar gyaɗa. Shayin da aka kawo masa bai huce ba ya gama. Ya murɗa har ƙarshe ya ce, "Ka ji? Shiru." Na ce na ji. Na mayar da akwatin masallaci.

Sau ɗaya na yi niyyar faɗa wa Baffa. Yana kwance a ciwonsa na ƙarshe, kunnen ya tafi kusan gaba ɗaya. Na durƙusa na kai bakina kusa na ce, "Baffa, na ji kugin. Ƙarya na yi maka." Ya ce, "Me?" Na sake faɗa. Ya ce, "Ɗaga murya, Kunnena." Akwai mata a tsakar gida, akwai babana a bakin ƙofa da carbi. Na ɗaga murya na ce, "Cewa na yi ya jiki?"

Ya ce, "Da sauƙi." Ya kama hannuna da lanƙwasassun yatsun nan. Bayan kwana huɗu muka kai shi makwancinsa.

Yanzu masallacinmu yana da sabuwar na'ura mai aiki da hasken rana. Samari ne suka zaɓo ta a waya, ba wanda ya kara kunne a jikinta. An rushe rumbun da Baffa yake kiɗa a gefensa, an yi ɗakuna. Tsohon akwatin da aka cire daga masallacin yana ƙarƙashin kantar shagona, shekara da shekaru ba a jona shi da wuta ba. Na tambayi ladan, na tambayi 'ya'yana, kowa ya ce sabuwar na'urar ba ta da wani kugi. Na yarda da su. Amma sau biyar a rana, kafin a ce Allahu Akbar, sai in ga Baffa ya ɗaga hannuwansa sama, yatsunsa goma a miƙe, yana dubana yana jiran amsa.